Kuɗin adashina ne, amma maigida ya ce sai janaretan abokinsa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna haya ɗaki da falo a wani gidan tarayya a Aboabo, Kumasi. Sana'ata sobolo, wato zoɓo, da lamurji da burkina ta madara da gero, ina ƙullawa in sa a firiza, a kai bakin tasha. Duk ranar da aka ɗauke wuta ta daɗe, kaya ba sa sanyi, burkina ta yi tsami in zubar. Da dare kuma yara ba sa barci saboda zafi. Kwanan nan na kwashi adashi, na yi niyyar sayen ɗan ƙaramin janareta. Da na gaya wa maigidana sai ya ce abokinsa yana sayar da babba na hannu, mai 6.5 kVA, zai bar mana da sauƙi, mu ja wa maƙwabta layi su riƙa biya. Kuɗina ba su kai ba, ya ce zai ciwo bashi ya cika. Hajiya mai gidan ta ce ita ba ta son ƙara. Wurin ajiyewa kuma babu sai wani lungu a ƙarƙashin tagar maƙwabciyata mai jego, ko barandarmu, wadda maigida ya ce zai rufe da kwano saboda ɓarayi. Ƙanena da ke Accra ya ce a bar zancen inji a sa sola. Na ce wa maigida mu dakata tukuna, sai ya yi fushi, wai na kunyata shi a idon abokinsa don ina taƙama kuɗin nawa ne. Yanzu daga gaisuwa ba ma wata magana. Ki ba ni shawara.

'Yar uwarki daga Aboabo

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa wa sana'arki albarka, ya kuma huci zuciyar maigida. Dakatawar da kika nema daidai ce, kada ki ji kamar kin yi laifi a kanta. Sai dai akwai abu ɗaya a wasiƙarki da ya fi kuɗin da fushin maigida gaggawa, shi zan fara da shi don kada ya ɓace cikin sauran magana.

Janareta ba ya zama a baranda, a rufe take ko a buɗe, kuma ba ya zama a ƙarƙashin tagar kowa. Hayaƙin da ido ke gani mai sauƙi ne. Abin tsoron shi ne iskar da ke fita tare da shi, wadda likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma da ta shiga jini sai ta tare wurin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, ya ɗauka maleriya ce ya nemi magani. Mai barci ba ya jin komai, shi ya sa ake wayar gari a tarar da iyali guda a kwance. Jariri da tsoho su ne take fara kayarwa. Masana lafiya sun ce a ajiye inji a fili, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon waje. Ki tsaya a tsakar gidanku ki auna da taku, wajen taku takwas na babba. Gidajenmu na Zango kin san yadda suke: ɗakuna sun zagaye ta kowane gefe, tsakar gida a tsakiya, iska ba ta da hanyar ficewa da sauri. A irin wannan gini da wuya a sami mita 6 da babu tagar wani. Idan babu, ko kyauta aka ba ku injin nan ba ku da inda za ku kunna shi. Kuma in Allah ya kiyaye wani ya ji waɗancan alamu inji yana aiki, a kashe, a fitar da kowa waje, a kira 112 ko a wuce asibiti kai tsaye.

Saboda haka tambayar farko ita ce inda zai tsaya, kafin a zo kan girmansa. Ki zagaya bayan gidan. Wani lokaci akan sami ɗan fili tsakanin katanga da kwata, inda babu taga, a sa mai walda ya yi keji na ƙarfe mai rufin kwano a sama, gefe duk a buɗe, da kwaɗo da sarƙa, a ɗaga ƙasan da bulo don ruwan sama, domin kin san Aboabo da ambaliya in damina ta kankama. Wannan ya magance tsoron ɓarayin da maigida ke yi, kuma tsoronsa gaskiya ne. Amma filin na Hajiya ne, sai da izininta.

Yanzu mu zo kan girma. Ki ɗauki biro ki zagaya ɗaki, ki duba bayan kowane kayan wuta, akwai 'yar takarda da aka rubuta wat nawa yake ci. Firiza irin ta kwance, matsakaiciya, takan ci wat 100 zuwa 200 in tana aiki. Fanka kamar 60, biyu 120 ke nan. Ƙwan wuta na zamani wat 10, biyar 50. Talabijin kamar 80, cajin waya ba a ma lissafa shi. Duka ba su kai wat 500 ba. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne tashin firiza: a daƙiƙar da injin cikinta zai kama, yakan fizgi ninki uku zuwa biyar na abin da yake ci, sannan ya sauko. Don haka ki ƙaddara kina buƙatar abin da zai ɗauki wat 1,200 zuwa 1,500 ba tare da ya shaƙe ba. Lambar kVA da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin tanki kuwa, ki ninka ta da 0.8 ki sami abin da za ki dogara da shi. Mai 2.5 kVA zai ba ki wajen wat 2,000, ya ishe ki har da rara. Na abokin maigida zai ba da sama da 5,000, ninki goma na abin da gidanki ke ci. Tirela ce za a ɗauko don kai buhun gawayi ɗaya, kuma man tirela za ta sha.

Man nan shi ne bashin da ba a gani ranar saye. Ƙaramin inji na 2 zuwa 2.5 kVA yakan sha kusan lita ɗaya a awa, wani lokaci ƙasa da haka in kayan ba su da yawa. Babba irin wancan, ko ƙwai biyu kawai aka kunna masa, zai sha lita ɗaya da rabi ko fiye, domin dole ya yi gudu ɗaya koyaushe don wutar ta tsaya daidai. Ki tambayi farashin lita yau a gidan mai, ki ninka da awa biyar, sannan ki lissafa ƙullin sobolo nawa za ki sayar kafin ribarsu ta biya wannan kuɗin. Ki rubuta lissafin a takarda ki ajiye, za ki buƙace shi idan kun zauna da maigida.

Kada kuma ki faɗa ɗaya ramin, wato ɗan mitsitsin nan mai wat 650 zuwa 900 da ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Yana da araha, amma araha ba ta ado. Sau da yawa ba ya iya tayar da firiza, kuma idan injin firiza yana ƙoƙarin tashi wuta ba ta ishe shi ba, zafi yake yi har ya ƙone. Jarinki kenan ya tafi.

Shawarar ja wa maƙwabta layi tana da daɗin ji, kuma na fahimci abin da maigida ya hango: inji ya biya kansa, shi kuma ya zama mutumin da gida ke amfana da shi. Ba mugun nufi ba ne. Amma ki ƙaddara yadda za ta kaya. An yi yarjejeniya ƙwai da fanka kawai, sai ranar Juma'a wani ya saka dutsen guga, wanda shi kaɗai yana cin wat 1,000 zuwa sama, wata ta jona butar dafa ruwa mai cin 2,000. Wuta ta yi ƙasa, talabijin ɗin wani ya lalace, a zo ƙofarki neman diyya. Wanda bai biya na wata ba, wa zai je ya cire masa waya, ke ko shi? Mutanen da kuke haɗa kuɗin mita da su kin riga kin san yadda ake fama kafin kowa ya kawo nasa. Ga wayoyi suna ratsa tsakar gida inda yara ke wasa ana wanki. Ni dai ban ga riba a ciki ba sai gaba.

Akwai kuma yadda ake haɗa inji da gida. Wasu sukan ɗauki waya mai kai biyu su cusa a soket ɗin bango. Wannan yana mayar da wuta baya ta bi layin kamfanin wuta na ECG, ta iya kama ma'aikacin da ya hau fol yana gyara da tunanin layi a mace yake, kuma in wutar gari ta dawo tana iya ƙona injin da wayoyin ɗaki. Ko dai a ja waya mai kauri daga inji kai tsaye zuwa firiza da fanka, ko a sa makunnin sauya layi, wanda masu aikin wuta ke ce wa cenjoba, kuma wanda zai sa ya zama mai lasisin hukumar makamashi, wato Energy Commission, ki ce ya nuna miki katinsa. A gidan da ɗakuna da yawa ke kan mita ɗaya, ja kai tsaye ya fi sauƙi da aminci.

Maganar ƙanenki ba ta banza ba ce, sai dai ya yi tsalle ya wuce matakala. Matsalarki biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta dare, wato zafi da duhu, ba ta buƙatar inji ko kaɗan. Fanka mai caji guda biyu da fitilun caji za su kai ku asuba ba ƙara ba hayaƙi, Hajiya ba za ta ma san kuna da su ba. In kina son abin da ya fi haka, akwai inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida. Batir ɗaya mai 12V 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma irin na ruwa ko na jel rabi kawai ake so a ci in ana son ya yi ƙarko, wato abin da zai riƙe fankoki biyu da ƙwai biyu ko uku wajen awa bakwai zuwa takwas. Batirin litiyam ya fi tsada, amma ana cin kusan duk abin da ke cikinsa, kuma ya fi daɗewa. Wutar ECG ce za ta riƙa cika shi in ta dawo, faifan sola kuwa ana iya ƙarawa daga baya. A gidan haya ma sai an nemi izinin hawa rufi, ga tunanin ranar tashi. Ɗora firiza a kan batir abu ne mai yiwuwa, amma yana son inbata mai ƙarfi da batura fiye da ɗaya, ina jin ya fi ƙarfin adashi guda.

Ta rana ita ce firiza, kuma a nan ina so ki gwada wani abu kafin ki kashe ko sidi ɗaya. Firizar da ta cika maƙil da daskararrun kaya, in ba a buɗe ta ba, tana iya riƙe sanyi har kusan kwana biyu, mai rabin kaya kuma kwana guda, ko da yake zafin Kumasi a watan Fabrairu da Maris zai rage wannan. Ki jera ledojin ruwa a ƙasanta da gefe su daskare su zauna nan dindindin. Ki bar sobolo ya huce sarai kafin ki saka. In an ɗauke wuta, ki kwashe na sayarwar ranar sau ɗaya ki zuba a kula mai riƙe sanyi, kada a yi ta buɗe murfi. Ki duba robar bakin murfin: ki maƙale takarda ki rufe, in ta zare ba tare da turjiya ba, sanyinki yana zurarewa ta nan. Burkina dai madara ce, ba ta da haƙurin sobolo, don haka a lokacin da wuta ke wasa ki rage yawan da kike yi, ki riƙa yin na yini ɗaya. Ki kuma sa wa firizar ɗan na'urar kariya da ake jonawa a soket, mai jinkirta tashi na 'yan mintoci in wuta ta dawo, domin dawowar wuta da ƙarfi ta fi ɗaukewarta kashe firiza.

Sannan ki riƙe ɗan littafi na mako biyu ko uku: ƙarfe nawa aka ɗauke, ƙarfe nawa aka dawo, me ya lalace, kuɗinsa nawa. Da yawanmu har yanzu da tsoron dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan na 2015, muke sayayya, lokacin da ake ɗauke wuta awa 24 a ba da ta awa 12, bayan matsalar da ta faro tun 2012 da bututun gas na Afirka ta Yamma ya lalace a teku kusa da Lome, ga ruwan madatsar Akosombo ya ja baya. A wancan zamani mai firiza ba shi da zaɓi. Tun daga nan an ƙara tashoshi, har an kawo injinan tashar wuta ta Ameri daga Aboadze aka kafa a Anwomaso nan Kumasi, aka buɗe a 2024. Wannan bai hana ɗaukewa ba, kin fi ni sani, domin taransifoma ta unguwa da ta yi wa jama'a kaɗan ba ruwanta da sabuwar tasha. Amma akwai bambanci tsakanin awa huɗu sau biyu a mako da yini guda cur. In littafinki ya nuna na farko ne, ƙanƙara da fankar caji sun ishe ki, kuɗinki su tafi jari. In na biyu ne, kuma an sami wuri a bayan gida, ki sayi mai 2 zuwa 2.5 kVA, ki riƙa kunna shi awa uku ko huɗu da rana don firiza, a kashe kafin isha'i. In kuma wurin bai samu ba, ki nemi mai shago ko mai sayar da kifi da kaji a bakin titi da ke da inji ko babbar firiza, ki riƙa biyansa ya daskarar miki a ranakun da abin ya yi tsanani, ko ki sayi ƙanƙarar bulo.

Idan sayen ya tabbata, ki je da wanda ya san inji, kuma a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ba a rasa irinsu. Ki nemi mai fetur zalla wanda baƙin mansa ke zama daban, mai AVR da ke daidaita wuta, a kuma duba ƙaramin allon jikinsa a ga 230V da 50Hz, don akwai na hannu da ake shigowa da su daga Amurka masu 120V da 60Hz, waɗanda ba su dace da kayanmu ba. A tambaya ko wayar cikinsa jan ƙarfe ce ko alminiyam, ta jan ƙarfe ta fi jure zafi. Akwai kuma rufaffen nan mai inbata a ciki, wanda ƙararsa ba ta fi ta hira ba sosai kuma yana rage shan mai in kaya sun yi sauƙi. Ya fi tsada, amma a gidan tarayya shi ne wanda Hajiya za ta fi iya haƙuri da shi. Hayaƙinsa dai guba ɗaya ce da na sauran. Ki karɓi rasit da takardar garanti, ki tambayi inda ake samun kayan gyaransa. Sabon inji ana juye masa baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 50 zuwa 100. Ba a zuba fetur yana aiki ko yana da zafi, ba a ajiye galan a ɗakin kwana ko kusa da kurfoti, kuma in zai yi makonni a ajiye a rufe famfon mai a bar shi ya shanye na cikin kabreta ya mutu da kansa.

Na abokin ma, in maigida ya nace a gani, a gani ɗin, kallo ba saye ba ne. Makanike ya taɓa jikinsa ya tabbatar a sanyi yake kafin a tayar, don mai sayarwa yakan ɗumama inji kafin baƙi su iso. A zaro sandar baƙin mai a ga launinsa. A jona dutsen guga biyu a saurari ko muryarsa za ta tsaya ko za ta yi ta hawa da sauka, a sa mita a ga ko wutar tana zama tsakanin 220 da 240. Shuɗin hayaƙi alamar yana cin baƙin mai ne. Abin da makanike ya faɗa a gaban kowa ya fi sauƙin haɗiya a kan abin da mata ta faɗa a ɗaki.

Wannan ya kawo mu kan maigida. Kuɗin naki ne, addini ma ya tabbatar wa mace abin da ta samu da guminta, kuma ba laifi ba ne ki ƙi zuba jarinki a abin da zai jawo bashi. Amma ina zaton ba kuɗin ne ke cinsa ba. Wataƙila ya riga ya ce wa abokinsa an gama, yanzu yana tunanin yadda zai koma ya ce matata ta hana. Ki ba shi hanyar fita da ba ta da kunya. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, yara sun kwanta, ki fara da cewa kin san don rufin asirin gida ya kawo shawarar, kuma ba ki ji daɗin yadda maganar ta fito ba. Kalmar "kuɗina" kada ta fito daga bakinki a wannan zama. Ki miƙa masa takardar lissafin ki ce ya duba miki ko kin yi daidai, ki roƙe shi ya auna mita 6 ɗin da ƙafarsa. Shi ne zai nemo makanike, shi zai yi ciniki, shi zai tsaya kan mai walda. Abin da zai gaya wa abokinsa kuma gaskiya ce tsantsa: mai gida ba ta yarda ba, kuma babu wurin ajiye babban inji. Ba wanda zai ji kunyar faɗin haka. Abu biyu ne kawai ba za ki sassauta ba, baranda da bashi. In ya ƙi sauraro, ki nemi babban da yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin masallacinku, ki kai maganar a matsayin tsoron lafiyar yara, kada ta zama ƙara.

Hajiya kuwa ku je tare, shi ya yi magana, ke ki riƙe mata ɗan sobolo mai sanyi. Ku gaya mata girman injin, inda zai zauna, da awannin da za a kunna, ku yi alkawarin ba dare ba lokacin sallah. In kun ce za a riƙa sa mata ruwa a firiza da cajin waya, ba cin hanci ba ne, zaman tare ne. Mai jegon ma ki shiga ki gaya mata da bakinki tun kafin ta ji a tsakar gida, ki tabbatar mata ba za a ajiye komai a ƙarƙashin tagarta ba. Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi mai tsanani a kan wanda maƙwabcinsa bai tsira daga cutarwarsa ba, kuma maigida ya san wannan. In Hajiya ta ce a'a duk da haka, kada ku yi jayayya da ita a kan gidanta. Ku sayi fankokin caji a wannan makon, ki cika firiza da ledojin ruwa, ragowar kuɗin ki ajiye a asusun da ba na cefane ba har littafin ya cika mako uku. Ki sake rubuto mini da abin da ya nuna, da wat ɗin da ke rubuce a bayan firizarki, in taya ki lissafin.